Ruwan Tekun Da Na Ɗebo A Rijiyarmu

Shekarun baya, lokacin ina tsaron wani shagon gwanjo a kasuwar Kontagora, maigidanmu ya ce zai tafi da ɗayanmu Kwatano sarin kaya. Mu biyu ne a shagon, ni da abokina da muka taso tun muna wasan ƙasa. Ni na riga shi fara aiki, don haka ban ma jira a faɗi suna ba. Na ba da ɗinkin sabuwar riga, na bi unguwa ina sallamar mutane kamar mai tafiya Makka.

Mahaifiyata abu ɗaya ta roƙa. Gwiwoyinta sun daɗe suna damunta, kuma wata maƙwabciyarmu 'yar Tungan Magajiya ta ce mata shafa ruwan teku yana sauƙaƙa ciwon. A gaban abokina ta ce mini, "Ba na son atamfa, ba na son turare. Gora ɗaya kawai za ka ciko mini."

Ranar tafiya maigida ya ɗauki abokina. Wai ni na fi sanin masu saye, in zauna in riƙe shago. Yabo ne, amma ban taɓa jin yabo mai ɗaci irinsa ba.

Daga nan hotuna suka fara shigowa wayata. Ga shi a kan doki a bakin ruwa, mutumin da ko jaki bai iya hawa ba. Ga shi riƙe da kwakwa an fasa mata kai yana zuƙa. Ga shi a jikin kwalekwalen masunta yana dariya, an kuma soya musu wani kifi mai faɗin faranti. Ko ɗaya ban yaba ba, amma kowanne sai na buɗe shi sau goma ina neman aibu. Da mai shayin layinmu ya ce wurin ya yi kyau, cewa na yi ai Kainji ma haka yake, suna ne kawai ya yi wa teku yawa. A kwana na biyar hotunan suka tsaya cak. Gaskiya na ji daɗi, har abinci na ci da yawa ranar.

Da suka dawo, gidanmu ya fara zuwa da la'asar, ko wanka bai yi ba. Mahaifiyata ta tafi suna Ibeto, ni ya tarar a ƙofa. Ya miƙo mini gora naɗe cikin rigarsa, yashi kwance a gindinta.

"Ga saƙon Inna," in ji shi. "A cinya na riƙo ta tun daga can."

Na yi godiya da baki. Yana juya baya na zaga bayan gida na tuttule ruwan a makwarara. Ni ne ɗanta, ni aka aika, ba zan iya kallon wani ya cika aiken ba. Zuciyata ta yi sanyi na ɗan lokaci, sannan na tuna zai zo gaishe ta ranar Juma'a. Sai na ja guga a rijiyarmu na cika gorar, na zuba gishirin girki, na girgiza. Da ta dawo na miƙa mata na ce saƙon abokina ne.

Kwana uku tana shafawa ta ce ta samu sauƙi, har tana tashi daga sujada ba ta dafa bango ba. Duk wanda ya shigo sai ya ji labarin abokina, yaron kirki da ya tuna da ita a bakin teku. Maƙwabta suka fara zuwa da ƙananan kofuna a sammusu. Gora na raguwa, ni ina cikawa a ɓoye don kar asiri ya tonu. Ni ke jan guga, shi ke shan albarka. Ƙyashin da na yi a makonnin nan ya fi na hotunan.

Wata safiya ina tsugune a madafa, hannuna cikin robar gishiri, sai na ji muryarta a bayana.

"Ka rage hannu yau. Na jiya har fata yake ƙona mini."

Na kasa ɗagowa. Na ce, "Inna, tun yaushe kika sani?"

"Rijiyar da nake sha tun kafin a haife ka? Tun ranar farko."

"To me ya sa kike ta sa masa albarka?"

"Shi ya tuna da ni a inda mutane ke manta kowa. Ka je ka gaya masa da bakinka, kafin ni in gaya masa."

A shago na same shi yana ninke wanduna. Na faɗa masa komai ina kallon ƙasa. Bai daina ninkewar ba, sai can ya ce, "Masuntan sun ce na bakin gaɓa datti ne, sai an shiga ciki. Na shiga har ƙirji, ka kuma san ban iya iyo ba. Igiyar ruwa ta kayar da ni. Hannu ɗaya waya, hannu ɗaya gora, dole in saki guda."

Wajen wata guda bai wuce gaisuwa da ni ba. Daga baya muka shirya, yau ma da shi na ci abincin rana, kuma in yana son tsokanata ruwan rijiya yake tambaya ko akwai saura. Ni har yanzu ban ga teku ba, kuma ba zan ɓoye ba, in na ga hoton wani a bakin ruwa ƙyashin yana ɗan motsawa. Na dai koyi yin shiru har ya wuce.

Zubar da ruwan na yafe wa kaina tuntuni. Abin da ya ƙi barina shi ne kwana na biyar ɗin nan, da na ƙara tuwo don murnar hotuna sun tsaya, alhali a ranar abokina yana cikin ruwa, ya saki wayarsa ya riƙe gorar uwata.