Zanen Dada Mansura

Duk yarinyar da ta yi aji ɗaya a makarantar 'yan matan nan ta bayan shagunan kayan lantarki a unguwar Sharafiyya ta Jidda, cikin shekara goma sha tara da suka wuce, ta san Dada Mansura. Ba malama ba ce. A takarda aikinta shara ne da goge-goge, amma a aikace ita ce mai buɗe robar abincin da ta ƙi buɗuwa, mai raka yara banɗaki, mai gyara gashin da ya warware, mai nemo takalmi ƙafa ɗaya da ya yi ɓatan dabo. A Jidda mai irin wannan aiki Dada ake ce mata, malama kuwa Abla.

A Maiwurno aka haife ta, can bakin kogi a Sudan. Tana amarya ta tsallako teku da mijinta Na'ibi, suka kama ɗaki biyu a Ammariyya, har yau suna ciki. Shi yana gadin wani sito a Khumra, ita kuma mai makarantar ce kafilinta mai tsaya mata a hukuma, ita ke sabunta mata iƙama, wato takardar izinin zama. 'Ya'yanta uku duk maza ne, duk sun yi gemu sun kama gabansu, don haka soyayyar da ta rage mata a ƙirji aji ɗaya take kai wa kullum da sassafe.

A bayan ƙofar ajin akwai ƙusa, a jikin ƙusar akwai wani shuɗin zanen atamfa da ya koɗe. Shi ne makaminta. Makon farko na shekara, lokacin da iyaye ke ajiye yara su sulale, ajin kan rikice da kuka kamar gidan rasuwa. Wadda alewa ta kasa, wadda lallashi ya kasa, Mansura sai ta duƙa ta saɓa ta a baya, ta ja zane ta ɗaure, ta ci gaba da shararta. Malaman Larabawa da farko dariya suke yi, 'yar shekara shida a baya kamar jaririya! Da suka ga kukan na tsayawa kafin ta share rabin baranda, suka daina dariya suka koma kiran sunanta.

Malamai bakwai ta gani a ajin nan, daga 'yan Masar har 'yan ƙasa, ba ta taɓa jin ƙyashin ko ɗaya ba. Sai da aka kawo ta takwas. Abla Mubina 'yar Rabi'a ce, Rabi'ar da suka hau jirgin ruwa ɗaya da Mansura daga Sudan, wadda daga baya ta auri Bahaushe mai takardar ɗan ƙasa ta bar layinsu. Mansura ta ci tuwon sunan yarinyar nan. Ta san ta da majina. Yau ga ta da tabarau da katin aiki a wuya, tana jin Hausa sarai amma in za ta mayar sai ta gauraya da Larabci. Da baƙuwa ce ta sha gabanta da sauƙi, amma 'yar ƙawa, abin ya tsaya wa Mansura a rai tun ranar farko.

A shekarar ne aka kawo Layan, wata 'yar firit mai manyan idanu, wadda babanta kan ɓamɓare yatsunta daga rigarsa a bakin ƙofa kowace safiya. Mako biyar tana kuka. Ba ta shiga layin taron safe, ba ta taɓa burodinta lokacin tara, ba ta ce wa kowa uffan. Mako biyar ɗin nan a bayan Mansura ta yi su, kuncinta manne da kafaɗarta, ƙafafunta na reto. A nan ta fara yin shiru, a nan kuma ta fara magana, ran da ta raɗa mata a kunne cewa tana jin ƙishirwa. Mansura ta kusa yin guɗa a tsakar makaranta.

Daga nan Abla Mubina ta karɓa. Gaskiya dai yarinyar ta iya aikinta, ko Mansura ba ta musa ba, sai dai ba ta faɗa. Kowane harafi da waƙarsa, a zana shi a iska da yatsa, a zana a faranti mai yashi, a murza shi da laka mai launi, wadda ta iya a manna mata tauraro a goshi. Layan ta fara ɗaga hannu. Ta fara zama a layin gaba. Ta fara shigowa da gudu tana wuce Dada a baranda da ɗan murmushi kawai.

Ranar malamai aka cika teburin Abla da furanni da cakulan. Mahaifiyar Layan ta zo da kanta, ta rungume Mubina tana hawaye, tana cewa ita ce ta buɗe wa 'yarta baki. Mansura na tsaye da tsintsiya taku biyu daga wurin. Ita ta kwashi furannin ta kai mota, ita ta share takardun cakulan. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da ya ƙarasa ta kuwa, ranar da aka yi wa yara rigakafi Layan ta ruga ta ƙanƙame ta, ita kuma ta kai hannu ga zane. Mubina ta matso ta yi ƙasa da murya, ta kira ta da Khala, wato inna, yadda ta saba.

"Khala, goyon nan khalas, ya isa haka. Ta girma, yara suna mata dariya."

"To, Abla," in ji Mansura, ta ja kalmar Abla ɗin har ta yi tsami.

Ran Juma'a tana zuba wa Na'ibi abinci ta amayar masa da komai. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Ke kin goya, ita ta koyar. Ina abin kishi a nan, Mansura?"

"Wa ya ce maka kishi nake? Ni in yi kishi da yarinyar da na wanke wa kashi?"

Kishi ne, tsagwaronsa, kuma ta san Na'ibi ya sani, shi ya sa ta janye masa kwanon yaji.

Babban taron aji ɗaya shi ne bikin haruffa, wanda ake yi in yara sun kammala haruffa ashirin da takwas. Kowace yarinya a ba ta harafi guda, a sa mata farar riga da kambin kwali mai ƙyalli, ta fito gaban iyaye mata ta faɗi baiti biyu a kan harafinta. Layan aka ba Lam, za ta fito riƙe da lemon tsami. A cikin aji ta haddace tsaf. Amma duk ran da aka je zauren taro gwaji, da ta ga na'urar magana sai bakinta ya mutu, ta hau waige-waige, kuma ba Abla take nema ba. Mansura ta lura. Wani daɗi mara kyau ya riƙa ratsa ta, ta ce a ranta ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ana gobe biki Mubina ta zo da takarda a hannu tana rarraba aiki. "Khala, gobe ki tsaya bayan labule, kusa da Layan." Ta faɗa ta wuce, ba don Allah, ba komai, don kanta ya ɗauki zafi. Mansura ta bi bayanta da kallo. Wato goyo ya zama abin kunya, amma in ta ɓaci a nemo mai goyon. Ta ajiye tsumma ta nufi ofishin shugabar makaranta, ta ce gwiwa ta matsa mata, a ba ta kujerar ƙofa. A taron mata ba a yarda da ɗaukar hoto ba, saboda haka akan zaunar da mutum ɗaya can ƙofar waje, nesa da zauren, ta karɓi wayoyin iyaye ta ba su lamba. Shugabar ta yi murna ma, don ba mai son aikin.

Lissafin Mansura mai sauƙi ne. Layan za ta ƙi fita, Mubina za ta rasa yadda za ta yi, ta taho da ƙafarta har ƙofa ta ce Khala ki taimake ni. A lokacin sai ta miƙe a hankali, ta shiga gaban kowa, a ga wanda ya buɗe wa yarinya baki.

Ranar Alhamis da hantsi ta zauna da kwalin wayoyi a kan cinya. Ƙamshin turaren wuta na fitowa daga ciki, lasifika na kawo mata komai. Aka buɗe da karatu, aka fara Alif. Ana kan harafi na goma sai ga Jamilatu mai dafa shayi da sauri.

"Yaya Mansura, Abla Mubina ta ce ki zo. Layan na ta kuka tana kiranki."

"Amanar mutane fa? In bar wa wa?"

"Ni sai in riƙe miki."

"Ke kika san lambobin? Ki ce mata in tana da magana ga ni nan."

Jamilatu ta koma. Mansura ta gyara zama ta kafa wa hanya ido. Abin da ba ta saka a lissafi ba shi ne, mace ɗaya mai riƙe da yara ashirin da takwas da kambuna masu zamewa ba ta da ƙafar zuwa ƙofa. Haruffa suka yi ta wucewa. Aka yi Ƙaf, aka yi Kaf, aka tafa. Aka kira Lam.

Shiru. Lasifikar sai huci take. Daɗin nan ya gudu ya bar Mansura da tsoro zalla, don ta san yadda leɓen yarinyar ke rawa in ta firgita. Ta miƙe da kwalin a hannu, ta yi taku ɗaya.

Sai muryar ta fito, siririya, tana ɗan karkarwa a farko, sannan ta miƙe tar har ƙarshen baiti na biyu. Zauren ya ɗauki tafi, wata ta rangaɗa guɗa. Mansura ta koma ta zauna. Ba ta gani ba, kuma ba za ta taɓa gani ba, don duk wayar da za ta iya ɗaukar hoton tana kan cinyarta.

Bayan an watse Mubina ta fito da takalmanta a hannu, ta gaji liƙis. Ta tsuguna gefen kujerar kamar yadda ake yi wa manya.

"Khala, ya gwiwar? Wallahi ta kira ki har muryarta ta dishe. Ni ban iya goyo ba, kin sani. Sai na ɗauko zanenki, na ɗaura mata a ciki, ƙarƙashin rigar. Na ce mata yalla, maza, Dada tana tare da ke. Shi ne ta fita."

Babu gori a muryarta ko kaɗan, kuma wannan ya fi yi wa Mansura ciwo. Da ta yi mata rashin kunya, da ta samu abin kai wa Na'ibi.

Ran Lahadi da aka dawo makaranta, Layan ta same ta a baranda ta miƙa mata wata jaka mai ƙyalli. Zanen ne a ciki, mamanta ta wanke ta goge ta fesa masa turare, har ba ya ƙamshin kowa. Mansura ta warware shi, ta juya baya ta duƙa, gwiwar da ta yi wa ƙarya tana ƙara.

"Zo ki hau, Layan. Ko sau ɗaya."

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce da Larabcinta, "Khalas, Dada, ai na girma!" Aka kaɗa ƙararrawa, Abla Mubina ta leƙo tana tafa hannu, Layan ta ruga layi jakarta na tsalle a bayanta.

Mansura ta ɗan jima a duƙe kafin ta miƙe. Ta shiga aji ta rataye zanen a ƙusarsa, ta tsaya tana hararar sa kamar ya ci mata bashi.

"Kai dai ka samu ka ga bikin," ta ce masa. Ta ɗauki tsintsiya ta fita.