Kafin Ya Sauke Hannu

Jiya a tashar jirgin ƙasa ta Stratford na ji wani yana goge, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Yayan mahaifiyata ne, shi ke bi da mawaƙan cocinsu a Jos kafin jinya ta kawo shi wurina a nan ƙasar Turawa.

Shi ya matsa mini na yi mana booking ɗin kujeru, muka je sauraron makaɗan Turawa, irin waɗanda mutum guda ke jagoranta da siririyar sanda. Ya sa kwat ɗinsa na Lahadi, yana ta ƙamshin man zafi.

Ya raɗa mini, "Bar kallon masu goge, dubi hannun mutumin can. Akwai inda yake kai su."

Ni kuwa na ƙosa, hankalina yana kan tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa da za mu hau zuwa gida. Kiɗa na tsayawa na ɓarke da tafi, ni kaɗai duk faɗin zauren. Ashe hannun jagoran yana sama tukuna, ba a tafi sai ya sauke. Wata tsohuwa ta waigo, hawaye sharkaf a fuskarta. Kawu ya riƙe mini hannu, tafinsa sanyi ƙalau.

A hanya ya ce, "'Yata, tun farko shirun nan jagoran yake ginawa. Ke kuwa kin shiga cikinsa da takalmi."

Na ce, "Haba Kawu, shiru ai shiru ne."

Bai sake cewa in kai shi ba, har ya rasu. Har yau in na tuna amsar nan, sai in ji kamar in nutse.

Ya Ubangiji, ka zaunar da Kawu inda ake barin waƙa ta ƙare.