Gaisuwa a Tsakiyar Tsere

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Gorton, can ƙasar Turawa, wani babur na hawa duwatsu ya kusa haɗa ni faɗa da matata. Gidan namu irin na jere ne, babu gareji, ni kuma tsoron ɓarayi ya hana ni barin sa a waje. Sai na girke shi a 'yar siririyar hanyar shiga gida, kowa zai wuce sai ya karkace. Ranar da keken jaririyarmu ya maƙale a jikinsa, haƙurinta ya ƙare.

"Injiniya, ka ce saboda race ka saye shi, ko? To ga sharaɗi. Ka je ka yi. In ka kai finish line, ya zauna. In ba ka kai ba, wallahi a weekend ɗin zai bar gidan nan."

Na ce na yarda, har da buga ƙirji.

A duwatsun Wales ake gasar tseren, kuma wahala ce zalla. A bi ta cikin rafi, a hau tudu mai santsi, a kutsa tsakanin duwatsu, tun safe. Duk wanda bai iso ba kafin a sauke tuta da yamma, bai gama ba ke nan. Abokina da ke unguwar Aston a Birmingham shi ne mai babbar mota, ya taso tun daga can ya kwashe mu, ni da babur. Da yake ya san halina, tun a hanya ya fara mini huɗuba.

"Mutumina, don Allah ka bar Hausancinka a van. Nan ba a gaisuwa. In wani ya faɗi, akwai marshals, masu kula da gasar, aikinsu ne. Kai dai ka wuce."

Na ce to.

A rafin farko wani ƙaton Bature mai jan gemu ya kife a gabana, babur ya danne masa ƙafa. Ban san lokacin da na taka birki ba, sai ji na yi bakina yana ta "Sannu! Sannu!" Haka aka raine ni. A gidanmu ko tuntuɓe ka yi, sai an yi maka sannu har ka gaji da amsawa. Na ɗage masa babur ɗin, ya dube ni ta cikin hular kwano kamar ya ga taɓaɓɓe, ya ce, "Go on, mate, you're losing time!"

Bai yi ƙarya ba, lokacina nake ɓatawa, amma hali zanen dutse. Can gaba na tsaya wa wata mata da tayarta ta nutse a laka. Jan gemu ya wuce ni, ya sake faɗuwa, na sake tsayawa. Wannan karon ya tambaye ni me kalmar sannu take nufi, na ce abin da muke faɗa wa wanda ya sha wuya ne. Da na iso wurin shan mai, abokina ya riƙe kai.

"Kai tsere ka zo ko zagayen dubiya? Kowa ya wuce fa!"

Rana ta yi sanyi sosai kafin na iso tudun ƙarshe. A tsaye yake kamar bango, waɗanda suka riga ni sun dame shi ya zama kunu. Na hau, na zamo. Na sake hawa, na sake zamowa. Daga ƙarshe babur ya kwanta a kaina, yatsuna suka ƙi kama kulochi. Ina hango tutar can sama, a raina kuma ina hango hanyar gidanmu wayam, matata tana sharewa tana murmushi. Gaskiya saura kaɗan na yi kuka.

Sai na ga mutum yana zamowa daga sama da igiya a hannu. Jan gemu ne. Ya riga ya hau, layin gamawa na gabansa, amma ya jingine babur ɗinsa ya dawo, matar nan da na tsaya wa tana bayansa. Dokar gasar ba ta hana 'yan tsere taimakon juna ba, sai dai lokacinsu suke kashewa. Ya durƙusa kusa da ni yana haki, ya ce da karyayyen harshe, "Sannu, mate."

Suka ɗaura igiya a gaban babur, suka ja, na yi bismillah na murɗa totur. Laka ta wanke su tas, ba su saki ba. Mu uku muka tsallake layi mai tutar yana shirin sauke ta. Abokina mai huɗuba kuwa tsalle yake yana kabbara, ya manta shi babban akanta ne.

Ni ne na ƙarshe a cikin waɗanda suka gama, kuma ko ranar da na karɓi digiri ban yi farin ciki irin na ranar ba. Har yau in na ji wani ɗanmu yana jin kunyar tsayawa ya ce sannu don kada a ce masa baƙauye, jan gemu nake tunawa.

Da na koma gida, laka har wuya, matata ta dube ni, ta dubi babur ɗin, ta ce, "Sannu, Injiniya. Alkawari kaya ne, shigo da shi." Ya ci gaba da zamansa a hanyar har muka tashi daga gidan, a kansa ma take rataye rigunan sanyin yara.