Yadda Aka Gyara Mini Tarihin Babana

Shekarun baya, ina sabuwar malama a wata makarantar 'yan mata a Gusau, akwai wani zama da muke yi duk Asabar da hantsi, mu masu son rubutu. Ba ƙungiya ce mai suna ba. Aji ɗaya ake buɗe mana, mu jera bencina, kowa ya karanta abin da ya rubuta a tattauna. Akwai masu biyo motar safe daga Tsafe, akwai wani ɗan Kwatarkwashi da ba ya zuwa sai da ƙullin gyaɗa. Mai jan zaman wani dattijo ne da ya yi aikin gidan rediyo har ya yi ritaya. Malam kawai muke ce masa.

Ni a lokacin labaran ƙirƙira nake rubutawa, irin waɗanda kowa a ciki kyakkyawa ne kuma kowa na da mota. Sai Allah Ya yi wa mahaifina rasuwa. Bayan mahaifiyata ta fita takaba, na ji ba abin da nake son rubutawa sai shi. Na zauna na tsara tarihinsa: inda aka haife shi, makarantun da ya yi, ofisoshin gwamnati da ya riƙe, gaskiyarsa da riƙon amanarsa. Na zuba manyan kalmomi, har wasu ni kaina ban tabbatar da ma'anarsu ba. A raina na gama yanke cewa ranar da na karanta shi, ba wanda zai fita ajin nan idonsa a bushe.

Ranar ta zo, na miƙe na karanta. Da na gama sai ajin ya yi tsit, na ɗauka tausayi ne ya kama su. Can wani matashi ɗan Tsafe, mai rubuta waƙa kuma mai kaifin baki, ya gyara murya.

"Malama, ki yi haƙuri," ya ce, "amma wanga ai sanarwar rasuwa ce irin ta rediyo. Saura ki faɗa mana lokacin jana'iza."

Wasu suka yi dariya. Mahaifina ne fa, ko shekara bai yi a ƙasa ba. Na fara ninke takarduna, ina faɗa wa kaina daga yau ni da rubutu har abada.

Malam ya ɗaga hannu. Bai yi faɗa ba, ya dai dubi matashin ya ce, "Ka tambaye ta abin da take son yi da rubutun, kafin ka ce bai yi ba? Wannan ba labarin ƙirƙira ba ne. Mutumin da ke cikin takardar nan ya rayu, ga ɗiyarsa tsaye. In za ka gyara, gyara rubutun, amma ka san inda maganarka za ta sauka."

Sannan ya juyo gare ni. "Zauna, ɗiyata. Kin jera shekarunsa tsaf, ba a ɓata ko'ina ba, kuma duk mai kunne ya ji ƙaunar da kike yi masa. To amma in wanda bai san shi ba ya karanta wannan, sai ga shi ya shigo ɗaki, zai gane shi?"

Na san ba zai gane shi ba. Abin da na rubuta zai dace da kowane dattijon kirki a Gusau.

Malam ya ce rubutun gaskiya ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai tattara tarihin mutum, ya tsaya daga nesa yana bin shekaru da takardu. Akwai mai zuwa wani gari ya dawo ya faɗi abin da idonsa ya gani. Wani kuma magana ɗaya zai ɗauka ya yi ta juya ta har ya fahimce ta. "Sai kuma wanda ya zauna gida ɗaya da mutum, yake tuna shi. Ke kin ɗauko aikin na nesa, alhali ke kike zuba masa ruwan alwala."

Ya karɓi takardar, ya sa yatsa a wani layi da na rubuta cewa bayan ritaya Baba ya koma noma a Rawayya. "Da kika zo nan muryarki ta canja, kamar za ki yi dariya. Mi ya faru a Rawayya? Ajiye takarda, faɗa mana da baki."

Ban san lokacin da na fara ba. Na ba su labarin yadda Baba, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a ofis, ya tafi gona ranar farko da gogaggen takalmi da lema, biro a aljihun gaba. Ya karanta littattafan noma, don haka ya ce sai an ja igiya an auna tsakanin kowane rami. Kafin ya gama awo, geron maƙwabta ya tsiro. Ya sayi jaki, jakin ya ƙi tafiya, sai ga Baba yana lallashinsa kamar yana magana da babban sakatare. Abin da ya girbe a shekarar kaf a bayan motarsa ya shiga, amma ya sa Inna, mahaifiyata, ta yi fura da shi aka kai wa maƙwabta gida-gida, a faɗa musu geron gonarsa ne.

Ajin ya kece da dariya, har da ɗan Tsafe. Ni ina dariya hawaye na zuba.

"To, ga babanki nan ya shigo," in ji Malam.

Na ce, "Malam, ai wannan tonon asiri ne. Mutum mai mutunci, a ce na rubuta shi yana roƙon jaki?"

Ya ce, "Wannan ba ni ke da hukuncinsa ba, akwai masu haƙƙi a kansa, je ki tambaye su. Abin da zan ce kawai, kar ki ƙara abin da bai faru ba don ya yi daɗi."

Da aka yi hutu na shiga mota ta Bungudu na wuce Rawayya, lokacin hanya lafiya lau, wurin baffana, ƙanen Baba da bai taɓa barin ƙauye ba. Da na ambaci takalmin da lemar ya yi dariya har da tari. Sai kuma ya nutsu ya faɗa mini abin da ban sani ba. Ashe da damina ta zagayo Baba ya dawo, ya cire takalmi ya ajiye a mota, ya tsuguna gaban ƙannensa ya ce su koya masa, shi ɗalibi ne. Baffa ya ce ya tambaye shi mi ya kai shi wannan wahala bayan yana da fanshonsa. Baba ya ce, "Boko ta ɗauke ni ina yaro, ku kuka zauna da gonar ubanmu. Ina so kafin in mutu ƙafata ta san ta."

Na dawo Gusau na sake rubutun daga farko. Kafin kowa ya ji, na karanta wa mahaifiyata, bayan la'asar tana tsinkar zogale a tsakar gida. Da na zo kan jakin sai ta saki tiren, ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Tun rasuwarsa ban ji dariyarta ba sai ranar.

"Ki gyara nan," ta ce tana share ido. "Jakin ba shi da laifi. Babanki ne bai iya kora ba."

Na ci gaba har na kai wani sakin layi game da kwanakinsa na ƙarshe, da wata magana da na ji ya faɗa mata a asibiti. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Ya yi kyau. Amma cire shi, wannan nawa ne." Na cire.

Da na sake karantawa a zamanmu, ɗan Tsafe ne ya fara ɗaga hannu. "Malama, in ba damuwa, zan iya yin tambaya?" Kowa ya yi dariya, har shi. Ya tambaya ko wa'azin da na rufe da shi ya zama dole, tunda labarin ya riga ya faɗi komai. Gaskiyarsa ce, na yanke shi.

Yau zaman nan ya watse. Malam ya rasu, Allah Ya jiƙansa, sauran kowa ya kama gabansa, kuma zuwa Rawayya ya zama sai an yi shawara. Nakan yi kewar ajin nan ƙwarai. A cikinsa na gane cewa ɗan Tsafe da Malam aibi ɗaya suka gani a rubutuna. Maganar ɗaya ta kusa raba ni da alƙalami, ta ɗayan ta kai ni har gonar kakana. Shi ya sa in ɗalibata ta kawo mini abin da ta rubuta game da gidansu, ba na fara neman kuskure. Nakan tambaye ta me take son faɗa, in nemo layin da ya fi rai, mu fara daga nan.

Sakin layin da Inna ta ce nata ne kuwa, har yanzu ina ganin ban taɓa rubuta abin da ya kai shi ba. Mu biyu kaɗai muka taɓa jin sa, ita kuma ta riga mu gidan gaskiya.