Teɓar da Ta Hana Ni Zuwa Gida

Shekarun baya, lokacin da hanyar ƙauyenmu ta fi lalacewa, na shiga wani ruɗani da har yanzu in na tuna sai in yi dariya, sannan in yi shiru. Ina aikin gwamnati a Gusau, mahaifiyata kuma tana ƙauye, can bayan Tsafe ta wajen 'Yankuzo. Wanda ya san yankin ya san yadda ake tafiya a lokacin. Ba a sa shadda, ba a ɗaura agogo, babbar waya a gida ake barin ta. Koɗaɗɗiyar riga mutum zai nemo da silifas, ya saje da 'yan cin kasuwa, don kada ɓarayin daji ko masu kai musu labari su ga alamar akwai abin samu a jikinsa.

Ni ma ina da irin waɗannan kayan, har jaka matata ta ware musu. Sai dai akwai abin da ba ya ciruwa. Zaman ofis da tuwon matata sun haɗa kai sun yi mini teɓa, irin wadda ke riga mutum shiga ɗaki. Albashi kawai nake ci, amma duk inda na tsaya sai a ce "Alhaji", ni da ko jirgi ban taɓa hawa ba.

Wata ranar kasuwa na sauka Tsafe cikin kayan tafiyata, na nufi mai babur ɗin da na saba hawa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya sosa ƙeya.

"Alhaji, ka yi haƙuri, yau ba ni ɗaukar ka."

Na ce, "Mi ya hwaru?"

"Riga ta yi, takalmi ya yi. Amma wanga ciki, wa za shi yarda kai talaka na? In anka tare mu, har ni ka ja ma."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Haka na juyo Gusau da tsarabar da na saya. Da na samu mahaifiyata a wayar maƙwabta, maimakon ta ba ni haƙuri sai ta goyi bayan mai babur. Ta ce kada in kuskura in zo, lafiyarta lau. Na san ba lau ba ce, don gwiwoyinta sun daɗe suna damun ta, kuma rabona da ganin ta an yi damina an yi rani. Tsoron da ya kama ni shi ne kada wani abu ya same ta ban sake ganin fuskarta ba, saboda tumbi.

Wani abokina ɗan Bungudu, wanda ba a rasa shi da dabara, shi ya fara kawo maganar inji. Ya ce an kawo wani a Gusau, ɗaura maka shi ake yi a ciki kana kwance, tsoka ta riƙa motsi da kanta kamar kana atisaye. Ba wuƙa, ba jini, kana tashi ka wuce ofis. Wani kuwa da muke ofis ɗaya ya ce wasan yara ne wannan, in da gaske nake in je Abuja a yi mini tiyata, a sa ɗan bututu a zuƙe kitsen a wuce wurin. Kowa ya cika mini waya da hotuna. A hoton farko mutum kamar ni, a na biyu kamar ɗan dambe. Abin da ya ɗaure mini kai, hotunan masu inji da na masu tiyata duk iri ɗaya ne.

In na zauna da abokina sai in ji tiyata ganganci ce: allurar barci, ciwo, da wata matsattsiyar riga da za ka yi makonni a ciki. In na shiga ofis kuma sai in ji inji ɓata lokaci ne. Na tambayi malaminmu ko hakan canza halitta ne, ya ce in lalura ce babu laifi, in ado ne a bari. Na fito ina tambayar kaina, tsoron ɓarayi lalura ce ko ado? Matata dai cewa ta yi duk ranar da na yarda aka huda ni da lafiyata, ita ba ta jinya.

Da yake ni matsoraci ne, inji na fara gwadawa. Aka kwantar da ni, aka ɗaure ni da wani faffaɗan bel, aka kunna. Jama'a, ban taɓa ganin cikina yana abin da ban sa shi ba sai ran nan. Yana ɗagawa yana faɗuwa, ni ina salati, abokina yana gefe yana cewa, "Shina aiki! Wallahi shina aiki!" Na yi ta zuwa har na daina salatin. A gaskiya na ji canji, don in na danna can ƙasa sai in ji tauri. Amma teɓar ba ta je ko'ina ba, sai ma ta ƙara miƙewa, kamar an sa mata dirka. Da na yi ƙorafi, mai kula da injin ya ce ai tsokar ta ginu, tana nan a ƙarƙashi. Na ce to ɓarayin ɗaga kitsen za su yi su duba?

Daga nan zuciyata ta koma kan tiyata. Kafin in kama hanya matata ta matsa sai na ga likita a nan Gusau. Likitan ya saurare ni har ƙarshe bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya sa na ɗage riga, ya kama fatar cikina da yatsu, ɗan kaɗan ya kamu. Ya ce abin da ya kama ɗin nan shi kaɗai bututu ke iya zuƙewa. Nawa kitsen yana can ciki ne tare da hanji, inda ba mai zura bututu. Inji kuma tsoka yake ƙarfafawa, ya fi amfanar wanda dama ba shi da jiki sosai. Wato watannin da na yi ina auna wanne ya fi, a cikin biyun babu nawa. Ya auna jinina ya ce ya hau, ya ce in rage tuwo da nama, in riƙa tafiya da ƙafa, kuma kada in sa rai da sauri.

Na fito ban san inda zan sa kaina ba. Sauri nake nema, an ce babu.

Ashe tun farko matata ta tsegunta wa mahaifiyata cewa ina shirin kai kaina a yanka. Wata ranar Juma'a na dawo daga masallaci sai na ga takalman roba a ƙofar ɗaki, duk jar ƙasa. Tsohuwar da ke tashi da dafa bango ce ta hau babur, ta hau mota, ta zo. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe kamar kullum. Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma sakin jiki da ni. Sai ta ce wa matata ta jawo ƙofa.

"Kai, ka san mi nika ce ma mutane?" in ji ta. "Duk wanda yat tambai aikinka, cewa nikai gadi kaka yi Gusau, da ƙyar kaka ci. Garinmu yanzu ba wadda ɗanta yay yi arziki, kowa nata matsiyaci na."

Ta ce in matso. Sai ta ɗora tafin hannunta a kan cikina, abin da ban tuna ta taɓa yi ba tun da na yi wayo.

"Na goye ka ana ƙirga haƙarƙarinka. Wanga shi ɗai nig gani da idona na san ka ƙoshi, kuma ba ni da wanda zan hwaɗa ma. Shi za ka kai a yanke?" Ta janye hannun ta gyara mayafi. "Ka rage don lahiyarka, yadda likita yac ce. Amma ba don ni ba. Ni ka zuwa."

Ta kuwa riƙa zuwa, har ƙafa ta ƙi, muka dawo da ita Tsafe wurin ƙanwata. A can Allah ya yi mata rasuwa, ina zaune kusa da ita.

Yanzu in wani ya tambaye ni tsakanin inji da tiyata, cewa nake yi ya fara bari likita ya kama cikin nasa da yatsu, don ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma mai yiwuwa duk biyun ba nasa ba ne. Teɓata ta ragu da tafiyar ƙafa, ba ta tafi duka ba, ni ma na daina korar ta. Abin da har yau ban san yadda zan yi da shi ba, duk kaka wata ƙawar mahaifiyata takan aiko direba da ɗan gero a buhu, ta ce a kai wa yaron nan mai gadi, ya rage wa iyali. Karɓa nake yi in yi godiya. Na kasa buɗe baki in ƙaryata mahaifiyata.