Tsohuwar da Take Kirana 'Yarta

Ni namiji ne, da gemuna, da 'ya'ya uku, amma akwai wata tsohuwa a ƙauyenmu da har ta koma ga Allah ba ta daina ce mini "'yata" ba. Sunanta Matrona. Labarinta nake so in bayar, sai dai ba yadda zan bayar da shi ban tona wa kaina asiri ba. To, a tona ɗin.

Matrona 'yar guntuwa ce, mai ƙafa gwame, mai murya kamar ta mutum uku. A bukkar kamun kifi aka haife ta, a bakin kogin Kuskokwim, can ƙasar ƙanƙara inda kogi ke daskarewa da hunturu, kuma ko ƙofar makaranta ba ta taɓa leƙawa ba. Mijinta Wasili mutum ne shiru-shiru, in ya yi magana biyu a yini to ranar an yi hira. Ita ce take yi musu surutun su biyu, har da ragowa ta maƙwabta.

Abin da aka san ta da shi shi ne naunrat, wasu 'ya'yan tsiro masu taushi da ke fitowa ɗai-ɗai a dausayi, kowane tsiro da ɗansa guda tak. Tun furen yana fari take zagayawa ta duba, ta dawo ta faɗa wa gari ko bana za a samu. Ba ta cika yin kuskure ba. In sun nuna a ƙarshen watan Yuli, sai ta ɗaure kai ta shiga dausayi da rarrafe, sauro ya yi mata baƙi a baya, ita ko a jikinta. Kaiconka in ta kama ka ka tsinki ja. Ja ɗanye ne, sai ya koma launin ruwan ƙwai ya yi laushi ake taɓa shi. Za ta bi ka har gida tana tambaya ko uwarka ma a wata bakwai ta haife ka, shi ya sa ba ka iya jira ba.

Abin da ta tsinko takan zuba a gangar katako, ta rufe da ciyawa, ta binne a ƙasa mai sanyi. Ƙarshen hunturu, lokacin da kowa ya gaji da busasshen kifi, dasashin mutane ya fara jini, sai ka gan ta gida-gida da ɗan kofi a cikin riga. Mai jego cokali biyu, tsohon da ya daina cin abinci cokali uku. Ganyen kuma tana busarwa ta rataye a jikin rufi, duk wanda ciki ya murɗa wa ko zawo ya kama, ta dafa masa. Ba ta karɓar komai, amma sai ka sha faɗa kafin ka sha magani.

'Ya ɗaya Allah ya ba ta, Ciukak. Tana shekara tara ta kwanta, a ƙarshen hunturun wata shekara da sanyi ya kashe furen tun bai ɗaura 'ya'ya ba. Yarinyar ta ƙi komai, ba abin da take kira sai naunrat. Matrona, wadda ta saba raba wa mutane, ta bi gari gida-gida tana roƙo, har gangunan da aka wanke sai da ta leƙa. Ko ƙwaya ɗaya ba a samu ba. Haka yarinyar ta tafi da kwaɗayinta.

Bayan kwana goma sha tara aka haife ni, aka sa mini sunanta, kamar yadda muke yi. Mu ba ruwanmu da mace ce ko namiji, jaririn da ya fara zuwa bayan rasuwar shi ke ɗauka. Kuma kowa ya sani, in ka ciyar da mai sunan mamaci, mamacin ka ciyar. Don haka tun kafin in yi haƙori Matrona take ɗura mini ruwan naunrat. Kowace shekara, abin da ta fara tsinka sai ta buga shi da man karen teku, wata dabbar ruwa mai kitse, har ya yi fari ya tashi, ta yi akutak, ta kawo mini a wani ɗan kwanon katako, ta tsaya a kaina sai na cinye. Ni kuma "Inna" nake ce mata.

Ina yaro abin daɗi yake yi mini, wa zai ƙi? Ta ɗinka mini takalman fata masu tuntu irin na 'yan mata, abokaina su yi ta tsokana, "'yar Matrona, yaushe za a kai ki ɗakin miji?" Ni dai cikina a ƙoshe. Sai da aka kai ni makarantar kwana, daga nan birnin Anchorage, sunana ya koma Evon, na sami aikin gwada ruwan sha a ƙauyuka, sannan na fara jin abin yana sosa ni. Duk da haka kowace shekara ina zuwa, ina ci. Wasili ya rasu, ita ta rage ita kaɗai, ta ƙara dugunzuma a kaina.

Shekarar da nake talatin da huɗu aiki ya kawo ni ƙauyenmu tare da shugabana, wani Bature mai suna Halvorsen. Mutumin kirki ne, bai yi mini komai ba. Ni ne dai nake so ya gan ni a matsayin ma'aikaci mai takardu, ba ɗan dausayi ba. Muka tarar ana sadakar arba'in ta wani dattijo a babban zaure, gari duka ya hallara, aka zaunar da mu a benci na gaba.

Shekarar ba ta yi kyau ba, iska ta kaɗe furen. Duk akutak ɗin da aka raba ranar da baƙaƙen 'ya'yan daji aka yi shi. Ina cikin yi wa Halvorsen bayanin bututun ruwa sai na ji muryar nan daga bakin ƙofa.

"Ciukak! Ina 'yata?"

Ta ratso mutane tana dogara sanda, ta zo ta kama gemuna ta ja. "Dube ki, duk kin rame. Can ɗin ba sa ba ki abinci ne?" Zaure ya kwashe da dariya, irin dariyar da aka saba yi shekara talatin, ba ta mugunta ba. Wani tsoho ya ce 'yar Matrona ta yi gemu, yanzu kam sai dai a haƙura da batun aure. Ta ciro ɗan kwanon daga cikin riga ta miƙo. Akutak ne na nunannen naunrat zalla, ba gauraye. Daga baya yayata Agafiya ta gaya mini kwana shida ta yi tana rarrafe kafin ta cika shi, tana da shekara kusan tamanin.

Halvorsen ya sunkuyo yana murmushi, ya tambaye ni me take kirana. Wallahi da na gaya masa gaskiya daɗi zai ji. Amma sai na ji bakina yana cewa, da Turanci, tsufa ne, kanta ya rikice. Ita ba ta jin Turanci. Rabin zauren kuwa suna ji. Dariyar ta ɗauke ɗif.

Maimakon in tsaya nan, sai na ƙara. Na ga maiƙon a jikin kwanon, na tuna da hannu zan ci a gaban mutumin nan, na ce mata, "Inna, cikina ba lafiya. Likita ya hana ni maiƙo."

Ba ta yi faɗa ba, ita da ke faɗa a kan ƙwaya ɗaya ja. Ta tsaya da kwanon a hannu tana kallon cikina. Ba wanda zai iya karɓa ya ci a madadina, kowa ya san wannan. Can ta tambaye ni tun yaushe. Na ce kwana biyu ne. Ta mai da kwanon cikin riga ta fita, ba ta ko jira rabonta na sadaka ba. Agafiya kuwa a ranar abincina kawai ta dangwarar a gabana.

Da safe aka tashi da ruwan sama. Muna haɗa kwalaben gwaji sai ga Agafiya ba ko mayafi, ta ce ƙofar Matrona a buɗe take, murhu ya mutu, sandarta ba ta nan. Busasshen ganyenta ashe ya ƙare tun hunturu, ta rabar. Nan na gane dausayi ta tafi nemo ɗanye, ban tsaya yi wa Halvorsen bayani ba.

Mun fi awa biyu muna nema. Can bayan tafki na biyu muka same ta zaune a kan wani ɗan tudun ciyawa, jiƙe sharkaf har ƙugu, laka ta cire mata takalmi ɗaya. Leɓenta ya yi shuɗi. Ta rungume ƙunshin ɗanyen ganye a ƙirji, ta lulluɓe shi da ɗankwalinta don kada ruwa ya taɓa, ta bar kanta a buɗe. Na goya ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, kuma duk hanya faɗa take yi wai ina taka mata tsiro.

A gida muka hura wuta muka canza mata kaya, amma ta ƙi kwanciya sai ta dafa ganyen da hannunta. Rabin ruwan a ƙasa ya zube. Ta miƙo mini kofi ta tsaya a kaina. Na sha, ɗacinsa ya riƙe mini maƙogwaro, sannan na durƙusa a gabanta kamar yaro. Na ce mata ƙarya na yi, lafiyata ƙalau, kunya ce kawai na ji a gaban baƙo. Na gaya mata har abin da na faɗa da Turanci, don na san wani zai kai mata.

Ta ce ai ta sani tun a zaure, mai ciwon ciki ba ya cin kifi uku.

Na ce, "To me ya kai ki dausayi cikin ruwan nan, Inna?"

"In kuma gaskiya ce fa?" in ji ta. "Wancan karon ma haka kika ce mini, cikinki, kwana biyu ne. Na ce ba komai, zai wuce, na ci gaba da ɗinkina."

Ciukak ta farko take nufi. Ban taɓa jin wannan ba, ko Agafiya ba ta taɓa ji ba. Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce ta ba ni kwanon yanzu, zan cinye a gabanta, a kira Halvorsen ma ya zo ya kalla.

Ta nuna mini shi a kan kantar kwanuka, a kife, an wanke shi tas. Ta ce jiya da ta dawo ta zuba shi a wuta kaɗan-kaɗan tana kiran sunan, yadda ake yi in mai sunan ba ya gari. Ta ce ba ta sani ba ko ta nan yana isa, tsofaffi dai sun ce yana isa. Sannan ta shafa kaina ta ce kada in damu, baɗi za a samu da yawa, ta ga alama.

Sanyin ranar ya sauka mata a ƙirji, bai sake ta ba. Kafin kogi ya daskare muka binne ta kusa da Wasili. Baɗin kuwa an samu, yadda ta faɗa, har mutane suka rasa gangunan zubawa.