Tumatirin da Muka Kashe da Taimako

Yaron da na riƙa tun yana ɗan shekara shida, bayan rasuwar iyayensa, ya tashi daga gidana yana da sha tara. Ya kama ɗaki a Bunkure, ni kuma na yanka masa 'yar gona a bakin kanal, magudanar ruwan noman rani, ya dasa tumatir. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini:

"Baba, don Allah kada kowa ya sa min hannu. So nake in ga ko zan iya."

Na ce ai shi ke nan. Amma raina bai kwanta ba. Mutumin da ko takalminsa sai an nemo masa, shi zai tuna da ban ruwa? Sai na riƙa saɓa fartanya bayan sallar asuba, in fasa masa ruwa a ɓoye, in toshe, in dawo ina jin kaina wani waliyyi.

Mako biyu tumatir ya yi rawaya, ya langaɓe. Na ce ƙishi ne, na ƙara.

Ran nan na makara, sai da hantsi na isa. Wa zan gani tsugune a bakin ruwan? Yayana, wando a naɗe, taɓo har gwiwa.

"Yaya, me kake yi a nan?"

"Kai me ya kawo ka da fartanya?"

Muna cikin haka malamin Islamiyya da ke maƙwabtaka da gonar ya leƙo ta cikin masara, ya yi gyaran murya, ya ce shi nasa bayan la'asar ne, ladan maraya yake nema. Ga shi kuma mai gonar kullum yana ba da nasa daidai ƙa'ida. Ruwa huɗu a yini!

Da muka je ba shi haƙuri, mu uku da furfurarmu, kunya kamar in nutse. Na ɗauka zai yi fushi, don noman raninsa na fari ne muka hallaka. Sai yaron ya fashe da dariya har da hawaye.

"Ni da na zaci da na bar gida shi ke nan ba ni da kowa."

Da shekara ta zagayo shinkafa ya shuka. Ya ce ita kaɗai ce za ta iya da mu.